Rahoton Gado na Shida

Zuwa ga Sarauniyar Littattafai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maƙwabtanmu na gidajen ɗalibai.

Ga rahoton wannan mako daga asibiti, direban makaranta zai miƙa miki. Ki buga mini shi a kwamfuta kamar kullum, ki kai ofishin Baba mai kula da aikin gwajinmu kafin Juma'a. Na riga na sa hannu a farar takarda ta ƙarshe don kada a yi ta kai da kawowa. Kin san rubutuna, tonon kaza ya fi shi tsari.

Shi ne na ƙarshe kafin kwamiti ya raba mu ikkilisiyoyi, kuma shi ne mafi muni. Tsohon kafintan nan na gado na shida ya rasu ran Talata da hantsi. Kwana tara yana jiran 'yarsa, ba ta zo ba. Na zauna kusa da shi minti arba'in. Shekara uku ina makarantar tauhidi, amma addu'a ta ƙi zuwa bakina. Ya kama yatsuna biyu, na bar masa su. Dokar rahoto ita ce mu rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma, ni kuwa ban faɗi komai ba, shi ya sa za ki ga rabin shafin fari fat.

Kada ki bar tukunya ta ƙone saboda wani saurayin littafi. Ki huta lafiya.

Mijinki.

*

Malamina, sanyin idona,

Gaisuwa da kewa, wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Na buga, na kai, har sakatariyar Baba ta yaba tsabtar aikin. Na ɗan gyara wasu wurare, ka san halina.

Albishirinka! Matar maƙwabcinmu ta ji a bakin mijinta cewa sunanka na kan ikkilisiyar nan mai gidan fasto a bayanta, mai taga biyu da bishiyar lemo a tsakar gida. Ban jira ba, na yanko yadi shuɗi mai ƙananan furanni na ɗinka labule biyu. Jiya na rataya su a kan igiyar shanya, na ja kujera na zauna ina kallonsu, ina ganin ka dawo daga ziyara da ƙura a takalmi, ni kuma na ɗaga gefen labule ina leƙenka. Matar maƙwabci ta ce, "Maman Fasto, ba a haifi ɗa ba kin raɗa suna!"

Kafintanka ya sa ni kuka. A littattafan da nake karantawa ba a barin mutum ya tafi haka.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Taka har abada.

*

Uwargida,

Bayan gaisuwa. Na zo makaranta ran Litinin, na koma a motar yamma ban biyo gida ba. Na ji tsoron abin da bakina zai faɗa.

Mutum biyar ne a teburin kwamiti. Baba ya sa tabarau ya karanta rahotona da ƙarfi. A ciki na ji ina karanta wa kafinta ayoyi da murya mai daɗi, sai ƙofa ta buɗe, 'yarsa ta shigo da gudu ta faɗa ƙirjinsa, ya ce ya yafe mata, ya cika da murmushi. Daga nan Baba ya ɗauko takardar babbar nas, wadda ita ma take aika wa makaranta kowane mako. Layi ɗaya ne: babu ɗan'uwa ko ɗaya da ya zo, ɗalibi ya zauna da shi shiru har ya cika.

Ya tambaye ni, "Ɗana, sa hannun wane ne wannan?" Na ce nawa ne. "Akwai abin da za ka ƙara?" Na ce babu. Sun ajiye sunana gefe sai sun sake zama.

Ban ambaci sunanki ba, kuma ba zan ambata ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Minti arba'in ɗin nan ne abu mafi wuya da na taɓa yi, ke kaɗai na nuna wa, sai kika ji kunyarsa kika rufe shi da zane mai furanni.

Ki zauna lafiya.

Mijinki.

*

Zuwa ga Baba mai kula da aikin gwaji,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaishe da Mama. Ni ce matar ɗalibinka da ke asibiti, mai kawo rahoto ran Juma'a.

Baba, ni na yi ƙaryar, ba shi ba. Ga ainihin abin da ya rubuta da hannunsa na haɗo da wannan takarda. Da na ga ya rubuta cewa addu'a ta ƙi zuwa bakinsa, sai na dakata da bugawa. Na ce wa zai ba mutum ikkilisiya bayan ya karanta wannan? Kuma tsohon ya tsaya mini a rai, yana ta kallon ƙofa. Sai na buɗe masa ita. Da na fara, hannuna ya ƙi tsayawa.

Duk rahotanninsa goma sha biyu ni na buga, ban taɓa canza ko harafi ba sai wannan. In akwai hukunci, a ɗora mini. Mijina bai iya ƙarya ba, ko miya ta yi gishiri ba ya iya cewa ta yi daɗi.

Ka yi mini aikin gafara.

'Yarka.

*

'Yata,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Mama tana amsawa.

Na karanta rubutun mijinki sau uku, duk da wahalar da ya ba idona. Shekara ashirin da shida ina karɓar rahoton ɗalibai. Yawancinsu suna cika kunnen mai mutuwa da wa'azi don tsoron shiru. Abin da muke tura su asibiti su koyo ke nan, su zauna inda babu abin faɗa kada su gudu. Da rabin shafin nan ne ya iso teburina, da shi zan riƙa koyar da 'yan aji ɗaya.

Amma takardarki ta wanke shi daga abu ɗaya ta kama shi da biyu. Ran da muka tura su, kowa ya yi alkawari cewa maganar majinyaci tsakaninsa da ni ce kawai. Kin ce goma sha biyu kika buga. Asirin mutum goma sha biyu ke nan ya kwana a ɗakinku. Sannan ya sa hannu a farar takarda. Makiyayi ba ya yin haka.

Kwamiti ya yanke mijinki ya ƙara shekara ɗaya a asibitin. Ikkilisiyar an ba maƙwabcinku. Na roƙa an yarda ki koma wurinsa, akwai ɗaki a bayan ɗakin sujada.

Na yafe miki. Ki daina kuka, ki ci abinci.

Babanku.

*

Malamina,

Gaisuwa, in har za ka karɓa. Garin gyaran gira na tsone maka ido, sau biyu. Yau maƙwabta suna ɗaure kaya. Na ɗauki labulen zan ba matarsa, na kai bakin ƙofarsu na kasa. Baba ya ce in zo. Ba zan zo ba sai ka ce.

Matarka.

*

Sarauniyar Littattafai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji.

'Yar kafinta ta zo jiya, mako uku a makare, da goyo a bayanta. Ta tsaya a gaban gado na shida, wani ne a kai. Ta ce, "Malam, me babana ya ce a kaina?" Shafin nan da kika ƙirƙira yana aljihuna, na haddace shi. Allah ya sani na so in ba ta shi. Na ce bai ce komai ba, amma duk sanda ƙofa ta motsa sai ya juya. Ta zauna a benci ta yi kuka, na zauna. Wannan karon ma addu'a ba ta zo ba.

Direba zai taso ran Asabar. Ɗakin taga ɗaya gare shi, tana kallon wurin shanyar zannuwan gado. Ki zo da labule ɗaya.

Mijinki.