Kwanon Asiya

Tsanyawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Sauda,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ciwon ƙafarki? Yaya Malam da yara? Mu ma muna nan, sai godiyar Allah.

Yaya, tun da na fita takabar Khalilu ban shiga tashin hankali irin wannan ba. Wani farin tabo ne ya fito wa 'yata Asiya a goshi da gefen baki. Inna Hure, mahaifiyar marigayi, ta ce kuturta ce. Ta ware mata kwano da moɗa, ta hana ta sa hannu da sauran yara. Ban ga laifinta ba, tsoro ne, ita ma ɗa ta binne. Amma jiya na hango yarinyar a gindin rumbu tana cin tuwo ita kaɗai, ta juya wa gida baya. Ɗaki na shige na yi kuka na ƙoshi.

Kuɗin mota ya yi tashin da ba a magana, amma na sayar da akuyar da ubanta ya bar mata. Gobe za mu asibiti a Kano. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Zuliha

Tsanyawa, bayan girbi

Yaya Sauda,

Ina gaishe ki da gida gaba ɗaya. Alhamdu lillahi, ba kuturta ba ce! Likita ta sa Asiya ta rufe ido, ta shafa mata auduga a kan tabon, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ashe tabon kuturta ba ya jin taɓi. Ta ce launin fata ne kawai ya gushe, kuma ba a ɗauka.

Wata fitila suke haska mata, wai eksaima, ba ta fi dutsen guga girma ba. Sai a sa mata baƙin tabarau, a ɗora a wurin, kafin ki ce bisimilla an ɗauke. Na zaci za ta ƙone ta, ashe ɗan ɗumi ne kawai. Mun yi ta zirga-zirga duk damina. Yanzu baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun fito a cikin farin, kamar ƙwan zabo. Likita ta ce launin fatar ne ke dawowa.

Inna ba ta yarda da maganata ba, sai da ta biyo mu ta gani da idonta. Muka dawo gida tare. Da aka sauke tuwo ta kira Asiya, suka ci a akushinta, har tana tura mata gefen mai miya. Da ma Khalilu ya gani.

Kwanon nan kuwa, yanzu kaji ke shan ruwa a ciki.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Zuliha