Inci Uku a Ƙofar Fili

Aikin farko yau: shafa wa sarƙar keke mai, sannan rubuta wannan.

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin da ke kula da filin wasan unguwarmu a Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Sunana Lawali. Tela ne ni a bakin kasuwa, kuma ni ne sakataren 'yar ƙungiyarmu ta masu tseren keken guragu, irin mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Shan inna ya kama ni tun ina ƙarami, yanzu na haura arba'in. Na fara wasiƙar nan na yage har sau biyu, domin ban tabbata ko ya dace in yi maka magana a bainar jama'a ba. Har yanzu ma ban tabbata ba. Na dai rasa wata hanyar.

1. Da can a hanyar Shinkafi muke motsa jiki bayan sallar asuba, mu yi nisa mu juyo kafin manyan motoci su fito. Ka san dalilin da ya sa yanzu ba mai fita bayan gari don wasa. Filin nan kaɗai ya rage mana. Shekara biyu muna shiga ta babbar ƙofa muna zagaya gefe, ba mu taɓa taka wa 'yan ƙwallo layi ba.

2. Bayan babbar Sallah aka sa wa babbar ƙofa kwaɗo, aka kafa turakun ƙarfe biyu a ƙaramar ƙofa don hana 'yan kabu-kabu da shanu ratsawa. Ban ga laifin haka ba, mu ma babura sun sha tsorata mu. Sai dai tsakanin turakun inci ashirin da takwas ne, faɗin kekunanmu kuwa, daga tayar baya zuwa 'yar'uwarta, inci talatin da ɗaya. Da tef ɗin ɗinkina na auna. Washegari na koma na sake, don na saba tuhumar kaina kafin in tuhumi wani. Awon bai canza ba.

3. Baba maigadi mutumin kirki ne. Cewa ya yi, "Malam Lawali, mabuɗi ba shi hannuna. Ku sauko ku rarrafa, 'yan ƙwallo su ɗaga maku kekunan." Mun yi haka kwana huɗu. Rarrafe ba baƙonmu ba ne, ranka ya daɗe, amma mu magidanta ne, ga taɓon damina, ga idon jama'a, kuma sai ka zauna a ƙasa kana jiran wanda zai ga dama ya ɗaga maka keke. A rana ta biyar rabinmu ba su zo ba.

4. Na je ƙofar gidanka da takarda. Ban gama sallama ba wani bawan Allah da ke zaune a zaure ya ce, "Allah shi ba da haƙuri, rabo sai Juma'a." Na ce ba rabo ya kawo ni ba. Ya karɓi takardar, ya ninke ta, ya sa a aljihu. Na koma bayan mako guda, wani daban ya sake ba ni haƙuri. Ina kyautata zaton ba ta kai hannunka ba.

5. Wannan kuma laifina ne, kuma zan rubuta shi yadda ya faru. Ni na kawo shawarar cewa tunda ƙofa ba za ta buɗe ba, sai a rage keken. Muka je wurin Mamman mai walda a kan ya yanke ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Ya dube ni ya ce, "Tela, wanga ba wando ba ne da za ka rage ma ƙugu. Keke in ya matse, kwana na kada shi." Na ce inci huɗu ba za su yi kome ba. Na ma zana masa a takarda.

Bello ne ya ce a fara da nasa. Mutumin Birnin Tsaba ne da ya taso da iyalinsa ya dawo nan, yana sayar da goro a tasha, kuma duk cikinmu ba mai kama shi a gudu. Keken ya shige tsakanin turakun sumul, har muka tafa. A zagaye na uku, a kwanar bayan raga, ya kife da shi. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Mai ɗori ya ce ko an yi sauri sai ya kwana arba'in.

A wurinka kafaɗa kafaɗa ce. A wurinmu ita ce ƙafa. Bello ba ya tuƙi, ba ya rarrafe, ko bayan gida sai an ɗauke shi. Da na je gaishe shi, sai ya yi dariya ya ce, "Sakatare, ai dai na shiga." Ni na kasa dariyar.

6. Mu goma sha ɗaya ne a littafi. Yanzu biyar ke haɗuwa a wajen katanga, mu ɗan zagaya kan titi, mu watse. Bayan girbi mu ne za mu karɓi 'yan'uwanmu na Shinkafi da Zurmi, kamar yadda suka karɓe mu. Suna ta bugo waya. Wasu cikinmu sun ce kowa ya yanke nasa, sai mu riƙa sassautawa a kwana. Ban san yadda ake tsere ana sassautawa ba. Sun kuma ce tunda ni na kawo shawarar, wannan karon da nawa za a fara. Ba su yi mini rashin adalci ba.

Abin da nake roƙo ɗaya ne cikin biyu. Ko dai a matsar da turke ɗaya inci huɗu, Mamman ya ce zai yi don Allah, kuma ba zai kai awa guda ba. Na san mai yiwuwa babur ya samu hanya in an yi haka, na yi wannan tunanin, watakila shi ya sa aka matse tun farko. In haka ne, to a ba Baba maigadi mabuɗin babbar ƙofa daga bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, mu da kanmu za mu tsare ta. In kuma akwai dalilin da ban hango ba, a gaya mini in gaya wa mutanena. Na gaji da ce masu a ƙara jira.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya tsare maka gaɓoɓinka har tsufa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.
Lawali Tela.

Gobe, in Allah ya kai mu:
- Kai wannan wurin mai buga takardu, a duba mini kuskure.
- Ƙarasa wuyan kaftani biyu da na yi alkawarinsu tun Laraba.
- Yayyafa wa goron Bello ruwa kada ya bushe, a nemi wanda zai zauna masa tasha.
- Amsa wayar 'yan Shinkafi. Ban san abin da zan ce ba tukuna.
- Mamman yana jirana da hantsi. Na ce ya fito da zarto, amma kada ya taɓa ƙarfen kekena sai na yi magana.