Kifin Nkiruka Ya Kumbura

Ali Kazaure, Jos
6 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga aminina Malam Badruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Saƙon jajenka game da rikicin da ya auku a garin nan cikin watan jiya ya iso. Allah ya saka da alheri. Mu dai a nan unguwar Ali Kazaure Allah ya tsare mu.

Za ka yi mamakin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna maƙwabciyarmu Madam Chinyelu mai shagon yadi, wadda muka yi shekara da shekaru katangarmu ɗaya? Ranar da hankali ya tashi, a gidana suka fake ita da ƙaramar 'yarta Nkiruka, har aka raka su wajen danginsu a ɗaya ɓangaren gari. Da za su tafi, yarinyar ta kafe sai an shigo da akwatin gilashinta na kifi cikin falona. Ta riƙe hannuna ta ce, Baba, ka ajiye mini su sai mun dawo. Na ce na karɓi amana.

Kifayen ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsa ba, da launi kamar an rina su. To shekaranjiya na leƙa, sai na ga wanda yarinyar ta fi so cikinsa ya kumbura kamar zai fashe. Wallahi sai da na nemi kujera. Hajiya mai ɗakina, ka san 'yar makiyaya ce, nan take ta yanke hukunci, wai irin kumburin saniya ne idan ta ci ɗanyen ganye, kanwa za a jiƙa a zuba. Da ƙyar na karɓe ƙwaryar daga hannunta.

Malam, a irin wannan lokaci da kowa ke zargin kowa, da wane baki zan gaya wa yarinyar nan cewa abinta ya mutu a hannuna? Ka sa mu a addu'a.

Ka gaishe da mutanen gida.

Naka har kullum,
Abdulfatah


Ali Kazaure, Jos
14 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga aminina Malam Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da tambayar lafiyarka da ta yara.

Na aika wa tsohon abokin aikinmu Chuwang, wanda ya ƙare aikinsa a sashen kiwon kifi, kuma ya yi ƙarfin halin shigowa unguwarmu. Ya daɗe yana duban akwatin kafin ya yi magana. Ya ce abin da ke kumbura cikin ƙaramin kifi ba ɗaya ba ne. Yawan ci yakan toshe masa hanji. Tsutsar ciki ma takan jawo haka. Mafi muni shi ne cutar da ƙazamin ruwa ke haifarwa, ruwa ya taru a cikin kifin, ɓawon jikinsa ya miƙe kamar bayan abarba, kuma wannan da wuya a tashi. Ya ƙara da cewa in mace ce, ta yiwu ciki gare ta. Na ɗauka ƙwai yake nufi, ban tsaya tambaya ba.

Daga nan ya tambayi yadda muke ciyar da su, kuma a nan ne asiri ya tonu. Ni ina zuba musu abincinsu bayan kowace sallar farilla. Ashe Hajiya tana marmasa musu burodi idan na fita, wai tausayin marainiyar dabba. Surukata Hassana ita ma ta sunkuyar da kai, ta ce takan ɗan sa musu ƙosai. Kowa yana yi a ɓoye, yana zaton shi kaɗai ke tuna yarinyar. Chuwang ya riƙe baki ya ce, Oga Abdulfatah, kifi kuke kiwo ko ragon layya? Ban iya dariya ba. Na kaɗu ƙwarai da ganin mu da kanmu muka kusa kashe abin da muke tattali.

Ya sauya rabin ruwan, ya ce a hana su abinci na ɗan lokaci. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa jin gidan da aka sa baƙo azumin dole ba. Sauran kifayen sun wartsake, sun fi kuzari. Amma wancan ɗin, ko da yake ɓawonsa a kwance yake, cikinsa sai ƙaruwa yake yi.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Abdulfatah


Ali Kazaure, Jos
23 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga aminina Malam Badruddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Abin da zan gaya maka, da wani ne ya ba ni labari da na ƙaryata shi. Ranar Asabar da hantsi ina tsaye gaban akwatin, sai na ga wani ɗan abu ya faɗo daga jikin kifin, ya miƙe, ya kama iyo. Ashe mace ce, kuma haihuwa take yi, 'ya'ya rayayyu, ba ƙwai ba! Ban gama salati ba sai uwar ta juyo ta haɗiye ɗaya a gaban idona. Hajiya ta ƙwalla ƙara, ta ce ko kura ba ta haka. Ita ce ta fi ni azama, ta ɗauko ludayi ta yi ta kwashe jariran tana zubawa a kwalba. Da yawa sun tsira, uwar ma lafiyarta ƙalau.

Na ga wannan albishir ya fi ƙarfin aike. Duk da an ce kada in je, Chuwang ya raka ni har inda suke zaune, ina rungume da kwalbar. Malam, babbar mota na tarar a ƙofar gida, an gama ɗaure kaya. Madam Chinyelu ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ta sayar da gidan nata na unguwarmu, can kudu garin Anaca za su koma, kuma kunya ce ta hana ta aiko mini. Nkiruka ta yi ta tsalle da ganin jariran. Sannan ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu, ta ce hanya da nisa, za su mutu a mota, in ci gaba da riƙe mata.

Haihuwar kifin ba ta girgiza ni kamar wannan ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba za su dawo ba. Na komo da kwalbar gida, na ce wa Hajiya suna gaishe ta. Sauran maganar har yau na kasa faɗa mata, domin kowace safiya sai ta fita da tsintsiya ta share musu ƙofar gida.

Ka ba ni shawara, ka kuma gaishe da kowa.

Naka cikin jimami,
Abdulfatah