Tiyon Katafila

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Saƙonki na cewa jikin Baba ya tsananta ya iso gare ni, kuma tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Na kai kuka wajen Oga, ya ba ni hutu, aka sa sunana cikin masu bin jirginmu mai saukar ungulu yau. Kin san shi kaɗai ne hanyar fita daga wannan sansani tunda ruwa ya cinye gada, waya kuma ba sabis. Har na wanke kayana na ɗaure jaka.

Jiya aka kawo mana sojoji uku da mummunan rauni. Muna shirin tayar da jirgin sai tiyon man birki da sitiyarinsa ya fashe, muka buɗe durom ɗin man jirgi muka tarar ruwa ya shiga. Sabon tiyo yana can hedikwata, inda komai namu yake zaune sai mu. Na kwance na wata katafila da ta mutu a bayan sito, na yanke shi daidai, na juye manta. Man gas na janareta kuwa da singiletina na tace shi, na ɗura wa jirgin. Ki gaya wa Baba ɗansa ya yi wa jirgin gwamnati irin gyaran da yake yi wa tsofaffin motocin kaya, na san zai yi dariya ko yana kwance.

Al'adarmu ta makanikan jirgi ita ce duk wanda ya yi faci shi ke fara hawa, don in hannunsa ya yi ƙarya ya sha tare da kowa. Na ɗauka wannan karon al'adar ta yi mini rana. Amma matuƙinmu, wani da muke kira Dogo, ya ce da wannan mai ba zai yarda ya matsa wa inji ba, kuma ga majinyata ga ma'aikacin jinya, dole mutum ɗaya ya sauka. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Ni ma ban sa shi ya maimaita ba.

A kan durom nake rubuta wannan, Dogo zai kawo miki. Ki riƙe mini Baba da addu'a, ina nan tafe.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba mu danganar rashinsa.

Mai kula da rediyonmu na oba-oba ne ya same ni a rumfar gyara ya faɗa mini. Ya tsaya kaɗan, ya koma bakin aikinsa. Ba wanda ya san Baba a nan, Yaya. Sun yi mini gaisuwa, mutanen kirki ne, amma ba wanda zan ce wa ka tuna yadda yake zagin kusa in ta ƙi kwantuwa.

Jirgin ya sauka lafiya a ranar, ukun nan duk suna raye. Sai dai injin da ya sha man gas ba ya sake tashi sai an sauke shi an warware an duba, shi ya sa har yau bai dawo ba. Wannan na san shi tun ina riƙe da mazurari. Na gaya wa kaina ne kawai ai ina ciki, dawowarsa ba damuwata ba ce. Da za a maimaita, da haka zan sake yi, amma ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake, kuma ban san da wa ba.

Yanzu ba jirgi, ba aiki. Da safe nakan share filin saukarsa, in goge sifanu ɗaya bayan ɗaya, in zauna. In janareta ya canza murya sai in ɗaga kai sama kamar wawa.

Sai yau masu kwale-kwale suka samu ƙetarowa, su za su fita da wannan takarda. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki lallashe ni, ki rubuto mini gaskiya. Da Baba ya ga ba ni a ɗakin, ya tambaya?

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Auta