An Tsaga Wuyan Sanusi, Saura Haƙora Biyu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da lafiyar jama'a a yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Malam Haruna, ina noma a wani ƙauye tsakanin Kankia da Kusada. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, a yi haƙuri da rubutun.

Da godiyar Allah zan fara. Shekara tara da auren ɗana Sanusi, sai bana matarsa ta sauka, aka samu namiji, jikana na fari. Har yau in na ɗauke shi sai in kama dariya ni kaɗai. Amma ranar suna, uban yaron yana kwance a asibiti a Katsina, an tsaga masa ƙasan haɓa.

Na ɗaya. Tun cikin matarsa yana wata bakwai haƙorin Sanusi ke ciwo. A ƙaramin asibitinmu babu mai duba haƙori. Ƙwayar rage zafi aka ba shi, aka ce ya tafi birni. Shi kuwa yana tattalin kuɗin ragon suna, sai ya je wurin wani mai tallan maganin haƙori da lasifika a kasuwa. Dubu biyu ya biya, aka turara masa hayaƙi a baki, aka nuna masa wani abu a ruwan kwano, wai tsutsar haƙorin ce ta fito.

Na biyu. Cikin kwana huɗu kumburi ya sauka wuya. Baki ya ƙi buɗuwa, ko koko ba ya wucewa, numfashi sai a zaune. Ma'aikatan can birni sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Kwana goma sha tara muka yi. Mota, aiki, allurai, wankin ciwo da abincin mai jinya sun ci naira dubu ɗari bakwai da ɗoriya. Kuɗin ragon ya tafi. Sannan na ja san huɗata zuwa kara, kasuwar dabbobi, dillalai suka ga idona ya yi ja, suka saya yadda suka so.

Na uku. Ranka ya daɗe, asarar san nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ni da maƙwabcina Malam Idi muna haɗa garma: sa nawa, sa nasa, yau gonata, gobe tasa. Sa ɗaya ba ya jan garma. Na kashe noman gida biyu ke nan. Duk da haka Malam Idi bai juya mini baya ba. Akuyar da aka yanka wa jikana ma shi ya kawo. Yanzu hadari ya fara haɗuwa, ni kuwa na daina bi ta ƙofar gidansa.

Na huɗu. An cire haƙorin da ya jawo wannan, amma likita ya ce akwai ruɓaɓɓu biyu a ɗaya gefen, mu komo cikin wata guda. Yau wata biyu. Dawar da ta rage a rumbu ita za ta kai mu kaka, har da mai jego. In na sayar, yunwa. In na bari, kowace safiya wuyan ɗana nake fara duba kafin in amsa gaisuwarsa.

Roƙona biyu ne. A turo mana likitan haƙori ƙaramin asibitinmu, ko sau ɗaya a wata, ranar kasuwa. A kuma binciki masu cire tsutsa da hayaƙi, domin mai lasifikar nan yana nan a rumfarsa, mutane na layi.

Ina roƙon a hanzarta. Jiya na ga Sanusi yana cin tuwo da gefe ɗaya, hannunsa a kunci. Ya ɗauka ban gani ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya nuna maka sunan jikokinka iyayensu na tsaye a kai.

Wassalam.

Malam Haruna, kakan Muhammadu.