Kwaɗon Ranar Jarrabawa

Ya sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata! Ina gaishe ka gaisuwar wadda ƙishirwa ta kama a bakin rijiya, aka kuma hana ta guga.

Yau ma na shiga ɗakin gwaji na tarar da kujerarka wayam, farar rigarka na rataye a ƙusa. Famfon nan yana ta ɗigarsa, kwaɗi na motsi cikin bokiti a ƙarƙashin tebur, kowa da abokin aikinsa sai ni. Haba masoyi, har yaushe za ka ci gaba da gudun ajin nan?

Ka tuna ranar da Malam ya fara haɗa mu tebur ɗaya a darasin yadda jikin dabbobi ke aiki? Aka miƙo mana kwaɗo da allura, aka ce a soka ta a ƙeyarsa, a kashe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya don kada ya ji zafi, sannan a buɗe ƙirjin a ga bugun zuciya. Hannunka ya hau rawa, gumi ya keto maka, kwaɗon ya suɓuce ya faɗa jakar wata, aji ya kaure da dariya. Tun ranar suke ce maka Lauyan Kwaɗi. Ni ban yi dariya ba. Wallahi a nan sonka ya kama ni, kamun da har yau bai sake ni ba. Na karɓi allurar daga hannunka, na yi abin da ka kasa.

Haka muka ci gaba: ni in soka, kai ka auna. Kuma wa ya kai ka iya kallon zuciya? Kai ne kake ɗiga mata ruwan gishiri a hankali kamar mai shayar da jariri, kai ne ka nuna mini yadda take sassautawa idan an sa mata ruwan sanyi. Sai ga shi rannan a bakin matakala ka dube ni ka ce tsoron hannuna kake ji, wai macen da hannunta ba ya rawa ba ta san tausayi ba. Kaico! Saboda wa na hana shi rawa? Ka ɗauka daɗi nake ji? Hannun da ya yi rawa sai ya soki kwaɗo sau uku kafin ya dace, dabbar tana ta shure-shure. Saurin nan da ka tsana, shi ne iyakar tausayin da zan iya yi mata. Maganarka ta yi mini ciwo, na yi kuka har idona ya kumbura, ban kuma daina jin haushinka ba.

Amma ba fushi ne ya sa na ɗauki biro ba. Mako mai zuwa ne jarrabawar aiki, kowa da teburinsa, kowa da kwaɗonsa, ba mai taɓa wa wani. Bara a nan ka faɗi, shi ya sa kake maimaita ajin tare da mu. Ka san doka sarai: in ka sake faɗuwa, jami'a ta sallame ka ke nan, yayanka ya zo ya kwashe kayanka, ka koma can nesa inda ko labarinka ba zan riƙa ji ba. Ina zan sa kaina? Da wace zuciyar zan riƙa wuce matakalar nan?

Na roƙi mai kula da ɗakin gwaji, ya yarda ya bar mana ƙofa a buɗe gobe da yamma. Don Allah ka zo, farin watana. Zan dafa hannunka da nawa har ya koyi tsayawa.

Na san abin da nake roƙo. In ka ƙi zuwa, na rasa ka. In ka zo ka koya, hannun nan mai rawa da ya sa na so ka ba zai ƙara rawa ba, kuma ni ce zan kashe rawar da kaina. Na auna duka biyun, na zaɓa. Gara ka tsaya kana jin haushina da ka tafi kana tausayina. Ka zo.

Taka ce ni, ko ka zo ko ba ka zo ba, har ranar da za a naɗe ni a likkafani.