Sunan Innata da Na Kama da Bakina

Zuwa ga Shugaban kamfanin fim ɗin da ya sauka gidana bara da kaka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da iyali, da ma'aikatanka, musamman dogon nan mai riƙe kamara da ya cinye mini rabin tukunyar ɗanwake yana cewa ɗanɗanawa yake. Ni ce tsohuwar nan ta ƙauyen da ke gab da Gangara, wadda ta koyar a lakol, makarantar boko, har ta ajiye alli. Ban rubuta sunanka ko na kamfaninka ba, don ba a koya mini tozarta mutum da suna ba. Na rubuto a fili ne saboda abin da kuka yi a fili kuka yi shi: fim ɗinku na ban tsoro yana cikin wayoyin yara daga Gazawa har Gidan Rumji, kuma sunan uwata ne a kansa.

Na ɗaya. Bari in tuna maka matar da na ba ka labarinta kwana uku a zaure, tunda da alama ka manta ta kafin motarku ta kai kwalta.

Gaskiya ne mutum uku ne a jikin Inna. Akwai Inna ita kanta, mai sanyin magana, mai fura. Akwai Ɗan Tibiri, namiji, mai Hausar Gobirawa, wanda in ya tashi da safe sai ya ɗauki hauya da malafar Baba ya nufi gonar gyaɗa, ya yi kunya biyu kafin Baba ya gama ɗaya. Sannan akwai Ƙarama, yarinya 'yar shekara shida. An ce sanƙarau ya kwashe iyayen Inna da 'yan uwanta duka tana daidai wannan shekarun, can wajen Cadakori. 'Yan bori sun zo da gogensu, sun yi kiɗa har suka gaji, suka ce waɗannan ba nasu ba ne. Malam ya yi rubutu ta sha. Daga ƙarshe Baba ya ce shi dai mata ɗaya ya aura, Allah ya ƙara masa da abokin noma da ɗiya, ba zai mai da kyauta ba.

Haka garin ya zauna da ita. Mata in sun shigo sai su dubi kanta kafin su gaisa: in kallabi ne, su gaida Inna, in malafa ce, su rusuna kamar yadda ake yi wa maza, in kan a buɗe yake, su tambayi Ƙarama ko ta karya kumallo. Da Ƙarama na koyi carafke. Sa'ata ce da farko, sannan na girme ta, har na zo ina yi mata kitso ina lallashinta.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, ranar da aka kira mutane Gazawa don a ga sabuwar tuta, Ɗan Tibiri ne ya tashi. Ya ɗora ni a wuya ya bi ayarin maza a ƙasa, ba wanda ya ce masa kanzil. Ya saya mini rake, ya ɗaga ni sama da kawunan mutane don in gani da kyau. Washegari Inna ta tashi tana tambayar me ya sami ƙafafunta suke ciwo haka. Ni na ba ta labarin 'yancin kai tana surfe, tana cewa ashe, ashe, to Allah ya sa alheri ne. Na gaya maka wannan kana dariya har da buga cinya. Ban gan shi a fim ɗinka ba.

Na biyu, maganar igiya. Ban ɓoye maka cewa akwai wahala ba. Tuwo ya sha ƙonewa a gidanmu. Akwai ranar da Ƙarama ta zo alhali ƙanena yana goye a bayan Inna, ta kwance shi ta ajiye a gindin gawo ta tafi wasa, sai maƙwabciyarmu Gwaggo Abu ce ta tsince shi yana ta tsala kuka. Tun daga ranar matan unguwa suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta leƙo mu. Ƙarama tana tsoron rijiya, kuma ba ta yarda a bar ta gida ita kaɗai. Sai Gwaggo Abu ta riƙa ɗaura mata igiyar guga a hannu, ɗaya bakin a nata ƙugun, su tafi ɗiban ruwa tare. Ƙarama da kanta take miƙo hannu a ɗaura.

A fim ɗinka da wannan igiyar aka ɗaure Inna a ɗaki kamar akuya. Da ita kuma ta ja ɗiyarta ta jefa a rijiya, tana dariya da muryar namiji. Yallaɓai, ni ce ɗiyar. Ga ni nan da furfurata ina rubuta maka wasiƙa. Inna ta rasu ba ta taɓa marin ɗan wani ba, Ɗan Tibiri kuwa ko jaki ba ya duka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kun iya aikinku. Da hantsi na kalle shi a wayar ɗana, a gindin darbejiyar ƙofar gida, har ƙarshe. Yarinyar da ta fito a matsayin Inna ta iya sauya fuska, ta iya sauya murya. Akwai wurin da na ji tsoron uwata, abin da ban taɓa ji ba tana raye. Wannan shi ya fi yi mini ciwo.

Na uku, kuma shi ne babba. Kai Bahaushe ne, ka san ɗiya ba ta kama sunan uwarta. Tunda nake ban taɓa furta shi ba. Ko a takardun lakol in an tambaya, rubutawa nake in miƙa. Sau uku ka tambaye ni, sau biyu na ce ba a yi. A na ukun ka ce Mama, don littafina ne kawai, don in riƙa yi mata addu'a da sunanta. Na rufe bakina da gefen mayafi na faɗa, a hankali, kamar mai sata. Ashe na'urarka tana ɗauka. Sunan ne kuka rubuta da jan rubutu a farkon fim, kuka haɗa da sunan ƙauyenmu, kuka ƙara da cewa labari ne na gaskiya. Laifina a nan na sani, kuma ina neman gafarar Inna kowace salla. Amma da addu'a ka yaudare ni, wannan kuma naka ne.

Na huɗu. Jikata ta wajen ɗana takwarar Inna ce. A gida Inna ƙarama muke ce mata, amma a lakol da ainihin sunan ake kiran ta kowace safiya. Shekararta tara. Yanzu in mushe, malamin ajinsu, ya kira sunan sai aji ya ɗauki shewa, in ta nufi famfo sai yara su watse suna cewa a gudu kar ta jefa su a rijiya. Ta daina amsawa, har ana rubuta ba ta zo ba alhali tana zaune. Ta tambaye ni ko ita ma akwai wasu a jikinta. Ubanta ya ce zai je meri, ofishin magajin gari, a sauya mata suna a takardar haihuwa, kuma ban ga laifinsa ba, ɗiyarsa ce.

Ga abin da nake roƙo. Ku cire sunan uwata da na ƙauyenmu daga fim ɗin, ku goge maganar nan ta labarin gaskiya. Na san abin da ya riga ya shiga wayoyi ba ya dawowa, don haka roƙona na biyu ya fi na farko nauyi. Ku dawo da kamarar nan taku. Gwaggo Abu tana nan da rai, ido ya tafi amma kai garau, kuma ita kaɗai ta rage cikin matan da suka raba kwanakin nan. Ku zaunar da ita ta faɗi abin da igiyar take, ku nuna wa mutane ranar kasuwar Gangara, ku kai lakol ɗin yarinyar nan a nuna wa ajinsu. Ban nemi komai bayan wannan ba. In kun zo zan sake dafa ɗanwake, dogon ma ya zo.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya raya maka zuri'a. In mahaifiyarka tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, in ta riga mu Allah ya haskaka kabarinta, ya tsare sunanta daga bakin da bai san ta ba.

Na roƙi ɗana ya dakata, ya ba ni zuwa ranar da za a buɗe lakol bayan damina. In ranar ta zo ba ku zo ba zai tafi meri, kuma daga nan babu sauran mai amsa sunan Inna a gidanmu.

Wassalam, daga ɗiyar matar da kuka yi fim da sunanta.